KAMA DA WANE BA TA WANE: Ɗigo Da Ƙugiya A Rubutunmu

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan magana ta shafi mutane, amma idan muka duba da kyau za mu ga ta fi kama rubutu, domin mutum yana da bakin da zai ce "ba ni ba ne", shi kuwa harafi yadda aka ajiye shi a takarda haka zai zauna, ko a karanta shi daidai ko a ba shi sunan ɗan'uwansa.

Mu Hausawan da ke zaune a Garwa da Marwa da Ngaundere da sauran garuruwan arewacin Kamaru, wannan matsala ta fi damunmu bisa ga 'yan'uwanmu na Kano ko Maraɗi. Yaronmu yakan fara da allo, ya shiga lekol ya koyi rubutun Faransanci, ya ga Fillanci a rubuce a jikin takardun wayar da kan manoma, sa'an nan ya ɗauki waya ya karanta Hausar boko wadda aka tsara ƙa'idojinta a Zariya. Ido ɗaya ne ke yin wannan aiki duka, kuma kowane rubutu da haruffansa masu kama da juna. A wannan wata mun ga ya dace mu duba yadda magabata da masana na zamani suka yi fama da wannan abu, da kuma abin da ya rage gare mu.

ƊAYA DA BAKWAI A BAKIN IYAKA

Bari mu fara da kasuwa, inda kuskure ke da farashi. Wanda ya yi lekol irin ta Faransa yakan rubuta 1 da doguwar jela a gabansa, kamar rumfar da aka jingina, shi ya sa dole ya gitta wa 7 kara a ƙugu don kada su rikice. Wanda ya yi makaranta irin ta Ingila kuwa, kamar 'yan'uwanmu na Yola da Mubi da Maiduguri, 1 ɗinsa sanda ce miƙaƙƙiya, 7 ɗinsa kuma ba shi da kara. To, 1 ɗin mutumin Garwa da 7 ɗin mutumin Yola kusan abu ɗaya ne a ido. Duk mai aika albasa ko busasshen kifin Lagdo zuwa ƙetaren iyaka da 'yar takarda a hannun direba ya san abin da muke nufi: buhu 17 na iya zama 77, bashin sefa 100,000 na iya zama 700,000, daga nan sai rantse-rantse tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki da amana.

Haka kuma waƙafi da aya. A lissafin Faransanci 1,5 na nufin ɗaya da rabi, a na Ingilishi kuwa 1.5 ake rubutawa, waƙafi kuma shi ke raba dubbai. Ke nan 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne a Yola, amma ɗaya da rabi ne a Garwa. Idan a takardar ciniki ne, asarar ta kuɗi ce. Idan a takardar magani ne, ta rai ce. A Amurka, hukumar da ke tantance asibitoci ta fitar da jerin alamomin da ta hana likitoci rubutawa da hannu a 2004. Daga ciki har da harafin U da ake sawa a gaban adadin insulin na masu ciwon sukari, domin 4U kan koma 40 a idon mai ba da magani. An kuma hana rubuta 1.0, saboda in ɗigon bai fito ba sai a ba majiyyaci 10.

Yanzu ga waya ta ƙara mana nata. Tun 2014 lambar waya a Kamaru ta koma alƙaluma 9, kuma lambar nan ita ce asusun da ake tura kuɗi. Ga kalmar sirri, ga lambar shaidar biya mai haɗa haruffa da alƙaluma. A nan ne sifiri da harafin O suke shigar wa mutane duhu, haka ma 1 da ƙaramin l da babban I. Mazambata sun daɗe da gane wannan. A shekarar 2000 wasu sun buɗe shafin intanet na ƙarya da sunan kamfanin PayPal, suka sa babban I a wurin l na ƙarshe, wanda a zubin haruffa da yawa ba ka iya raba su, suka riƙa karɓe kalmar sirrin mutane.

ABIN DA MASU KWAMFUTA SUKA GANO

Babu masu sana'ar da wannan abu ya ɗaga wa hankali kamar masu rubuta umarnin kwamfuta. Mutum in ya ga kalma da kuskure yakan cika da hankalinsa. Na'ura ba ta da wannan rangwame, abin da aka buga mata shi take bi. A zamanin farko ma da hannu ake rubuta umarnin a takarda, a miƙa wa masu bugawa su huda shi a kati. A ranar 22 ga Yuli 1962 Amurka ta harba kumbon Mariner 1 zuwa duniyar Zahra, amma kafin a cika minti biyar aka tarwatsa shi a sama don ya saki hanya. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne wani ɗan kara da ya kamata a sa a kan wani harafi a cikin lissafin da aka kwafa da hannu, aka manta da shi. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Saboda irin haka ne aka riƙa gitta wa sifiri kara ko a sa masa ɗigo a ciki. Har wannan ma sai da aka yi gardama a kai, domin wasu ma'aikatu harafin O suke gitta wa karan, wasu sifiri. A 1967 wani masani Bob Bemer ya rubuta maƙala guda a kan wannan saɓani kaɗai. Wasu kuma suka ga gara a guje wa rigimar baki ɗaya: lambar jikin mota mai gurbi 17, wadda direbobinmu ke gani a takardun mota, ba a sa mata I ko O ko Q ko kaɗan.

Zubin haruffan da masu wannan sana'a ke aiki da shi yana da sharaɗi ɗaya: kowane harafi faɗinsa ɗaya da na sauran, kamar na tafireta, don layuka su jeru a tsaye. Wannan sharaɗi ya tilasta wa masu zanen haruffa su yi dabara. Siririn harafi kamar i da l dole a ba shi ƙafa ko jela ya cika gurbinsa, mai faɗi kamar m dole a matse shi ba tare da ya zama r da n manne ba. A kan haka suka tsayar da wasu ƙa'idoji: 1 ya sami hula da gindi, babban I ya sami kara sama da ƙasa, ƙaramin l ya lanƙwashe jela zuwa dama, a buɗe bakin 5 don kada ya zama S, a raba 2 da Z, a raba 8 da B, a kuma ƙara wa ɗigon ruwa biyu da waƙafi mai ruwa kauri yadda ido zai raba su ko da an ƙanƙanta rubutun.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a 'yan shekarun nan wasu daga cikinsu sun koma son haruffa masu kama da rubutun hannu. Asalin abin daga Comic Sans ne, wanda Vincent Connare ya zana wa kamfanin Microsoft a 1994 yana kwaikwayon rubutun littattafan barkwanci na yara. An daɗe ana yi masa dariya, amma yana da wata fa'ida: a haruffan ɗab'i da yawa b da d da p da q siffa ɗaya ce aka jujjuya, shi kuwa hannun ɗan Adam ba ya zana su iri ɗaya, kowanne da karkatarsa. A 2019 Toshi Omagari, ɗan ƙasar Japan, ya fitar da Comic Code mai faɗi ɗaya don masu rubuta umarni, a 2023 kuma GitHub ya fitar da jerin Monaspace wanda ɗaya daga cikinsu, Radon, rubutun hannu ne. Sai dai rubutun hannu yana zuwa da nasa ciwon: l mai zagaye kan yi kama da e, a kan yi kama da o, u kan yi kama da v. Aikin mai zane shi ne ya bar wa haruffa laushin hannu, amma ya hana kowanne shiga rigar wani. Irin wannan tunani ne ya haifar da Atkinson Hyperlegible, wanda wata cibiyar makafi ta Los Angeles ta fitar a 2019 domin masu raunin gani.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Duk wanda ya yi allo zai ce ai wannan ba sabon labari ba ne. A rubutun Larabci, ba da ta da sa da nun da ya, in suka zo a farkon kalma ko tsakiyarta, haƙori ɗaya ne, ɗigo kaɗai ke raba su. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali na Basra ne ya fara sa ɗigo mai launi don nuna wasali, sa'an nan a zamanin Hajjaju bin Yusuf aka ɗora wa Nasru bin Asim da Yahaya bin Ya'amar aikin daidaita ɗigon da ke raba baƙaƙe. Daga baya Halilu bin Ahmad ya sauya ɗigon wasali da ƙananan alamomin da muke gani yau, don kada ɗigo biyu masu aiki dabam su haɗu su rikita mai karatu.

Alarammominmu sun gaji wannan kulawa, suka kuma ƙara da tasu. Dubi sunayen da suka raɗa wa haruffa a babbaƙu: ha ƙarami da ha babba da ha kuri, ɗa mai hannu, kaf lasan, lam jaye, shin mai ruwa. Kowane suna yana nuna wa yaro abin da zai duba ya gane harafin. Dubi kuma tawada: baƙa ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza. Abin da masu kwamfuta ke yi yau na ba kowane irin umarni launinsa a fuskar na'ura, marubutan Kano da Barno sun yi shi da alƙalamin kara tun ƙarnoni da suka wuce.

Amma a nan ma akwai tarko. A rubutunmu na Warshu, wanda ya biyo ta Magrib, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. A rubutun Gabas kuwa, wanda ake buga Hafsu da shi, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Wato ƙaf ɗin ɗan tsangaya shi ne fa ɗin ɗan Islamiyya. A unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, za ka sami yara biyu suna kallon harafi ɗaya kowa na kiransa da suna dabam, kuma kowannensu yana da gaskiya a makarantarsa. Wasiƙar ajami da kaka ya bari, ko takardar gona, jikan da bai san wannan bambanci ba zai karanta ta a karkace.

Makwabtanmu Fulani sun ɗanɗana irin wannan. A ƙasar Gini, Ibrahima Barry da ƙanensa Abdoulaye, suna yara a 1989, sun ga yadda wasiƙun Fillanci da aka rubuta da haruffan Larabci ke wahalar karantawa saboda kowa da harafin da yake ara wa sautin da babu shi a Larabci. Sai suka ƙirƙiro rubutun Adlam, wanda yanzu ake bugawa a waya.

ƘUGIYAR BOKO

Da boko ya zo, Turawa suka tarar Hausa tana da sautuka da haruffansu ba su da su. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wancan zamani wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin b da d da k, wasu kuma 'yar alama a gefe. Irin waɗannan ƙananan alamomi suna da saurin ɓacewa a wurin ɗab'i da kuma hannun mai sauri. A cikin shekarun 1930 ne, a Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya, wato aka gina bambancin a jikin harafin kansa yadda ba zai faɗi ba. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, wanda ya duba rubutun Hausa da Fillanci da Barbarci da wasu harsuna, ya tafi a kan wannan hanya. A nan gida kuma, a watan Maris 1979 aka amince a Yawunde da haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru, aikin da Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranta, kuma ɓ da ɗ da ƴ da ŋ suna ciki.

Mai cewa ƙugiya ƙawa ce kawai, ya karanta waɗannan. "Sarki ya shiga fada" da "Sarki ya shiga faɗa". "Ya daure" da "ya ɗaure". "Kura ta tashi" da "ƙura ta tashi". "Ya kai kara" da "ya kai ƙara". Bahaushen Kano zai iya cikewa da hankalinsa domin da Hausa yake kwana yake tashi. Yaronmu na Garwa fa, wanda Fillanci ne harshen wasansa, Faransanci na ajinsa, Hausa kuwa sai a cikin gida? Shi abin da ya gani a rubuce shi zai furta. In ya saba ganin "kasa" a wurin "ƙasa", wata rana harshensa zai manta da bambancin. Kuma mu lura, Fillanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ. Saboda haka ƙ ce marainiyar haruffanmu a wannan yanki, ita ce ba ta da mai tsaya mata in ba mu ba.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu 'yan lekol. Rubutun haɗe irin na Faransa, wanda ake koyarwa a kaye mai ƙananan layuka, yana sa wa b da f da h da k da l zagaye a ka. To ina za a rataya ƙugiya a kan harafin da kansa ya riga ya lanƙwashe? A hannun ɗan lekol, k da ƙ sukan fito iri ɗaya, ɓ kuma takan koma 6. Wannan ita ce ainihin matsalar da masu zanen haruffan kwamfuta masu kama da rubutun hannu suke fama da ita, sai dai su a kan l da 1 suke yi, mu a kan ƙafa da kafa.

INDA AKA KWANA A NA'URA

A zamanin tafireta, sai an gama bugu a bi da biro ana sa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 Victor Manfredi da mashahurin mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, suka kammala zubin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Najeriya. Tun farkon shekarun 1990 kuma tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya sa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a ciki. A 2016 ya karɓi Adlam, ya kuma ware gurbi na musamman ga fa da ƙaf da nun irin na rubutun Afirka. Ƙungiyar SIL ta fitar da Andika don masu koyon karatu, wanda ya raba 1 da l da I sarai kuma yana ɗauke da duk haruffanmu, ta fitar da Harmattan a 2015 don ajamin Afirka ta Yamma, sai Alkalami a 2017 wanda aka zana daga rubutun hannun marubutan Kano. Dukkansu kyauta ake saukar da su.

Duk da haka, ba kowane zubi ne ke da ƙugiya ba. In babu, na'ura takan aro harafin daga wani zubi dabam, sai ka ga ƙ ta yi tsayi ko ƙiba a tsakiyar kalma kamar baƙo a taron dangi, ko kuma ɗan akwati ya fito a gurbinta. Wannan ne ya sa matasa suka ƙirƙiro nasu: q a wurin ƙ, 6 a wurin ɓ. Ba ma ganin laifinsu, domin kunnensu ne ya ƙi yarda a haɗe sautuka biyu. Amma "qasa" da "6ata" ba sa cikin ƙamus, kuma mai neman kalma a intanet ba zai same ta ba in kowa da yadda yake rubuta ta.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga 'yan kasuwa, duk takardar da za ta ƙetare iyaka a rubuta adadin da alƙaluma, a sake rubuta shi da kalmomi a gefe, kamar yadda banki ke bukata a jikin cak. A gitta wa 7 kara ko da wa ake ciniki, a gitta wa sifiri in yana cikin lambar da ta haɗu da haruffa. Ga mai karɓar takardar magani, kada ya bar gaban likita ko mai sayar da magani sai an faɗa masa adadin da baki.

Ga malamai masu koya wa yara Hausa a gida ko a darasin yamma, a rubuta ta da haruffa a rarrabe, b da d da k su tsaya da kai miƙe, ƙugiya kuma ta fito fili ta lanƙwasa dama. Malaman allo da na Islamiyya su ɗauki darasi ɗaya su nuna wa yara fa da ƙaf na Warshu da na Hafsu gefe da gefe. Ga masu waya, Gboard da Keyman duk suna da madannan Hausa, kuma sa su ba ya cin minti biyar. Masu shagon buga takardu da katin biki da allon shago, kafin su zaɓi zubi, su buga wannan layi su duba shi daga nesa: b ɓ 6, d ɗ, k ƙ, y ƴ, 1 l I, 0 O. In wani ya shige cikin wani, a nemi wani zubin.

Kira na ƙarshe ga 'ya'yanmu masu karatun kwamfuta a jami'o'in Ngaundere da Marwa da kuma ta Garwa da aka kafa a 2022. Da yawa daga cikin zubin haruffan da kuke aiki da su kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda kowa ya ƙara musu abin da babu. Haruffa takwas ne kawai, huɗu manya huɗu ƙanana. Wanda ya zauna ya zana su da kyau, ya tabbatar ƙ ba ta zama k ba ko a ƙaramar waya, ya yi wa Hausawa da Fulanin ƙasar nan aikin da za a daɗe ana mora. Allah ya ba da iko.